Takin Feshi a Gonar Masara: Yunwar da Yake Magani da Wadda Ta Fi Ƙarfinsa

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli, duk wanda ya leƙa shagunan maganin gona a Sabon Gari ko Samaru, ko ya ratsa kasuwar Giwa ranar da take ci, zai ga robobin takin feshi jere a kan kanta, kowace da hoton goyon masara kamar damtsen ƙato. A da masu tumatir da barkono ne suka fi tambayarsu. Yanzu manomin masara ma ya shigo layi, kuma dalilin ba a ɓoye yake ba. Kamfa da yuriya sun yi tsadar da mai kadada biyu ba ya iya sayen rabin abin da gonarsa ke nema. Ga kuma roba ɗaya, kuɗinta bai kama ƙafar na buhu ba, mai shago yana rantsuwa cewa in ka fesa sau biyu masara za ta yi baƙi ƙirin don kore. Wanda damina ta riska da aljihu a bushe, wa zai ga laifinsa in ya saurara?

Abin da ke damuna a nan shi ne akwai gaskiya a cikin maganar mai shagon, kuma wannan guntuwar gaskiyar ce ke sa a haɗiye sauran ba tare da an tauna ba. Takin feshi yana aiki. Amma aikin da yake yi ƙayyadadde ne, kuma manoma da yawa a ƙasar Zazzau suna ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Masara tana jan sinadarai 14 daga ƙasa. Shida daga ciki tana cinsu da yawa, musamman ukun nan da ke rubuce a jikin buhun kamfa: naitrojin, fosfaras da potash. Sauran takwas ɗin kuwa ɗan kaɗan take so, kuma su ake kira ƙananan sinadarai. Cikinsu akwai zinki, wanda maƙera ke kira tutiya, da boron, da sinadarin ƙarfe, da manganis, da jan ƙarfe. Ƙanƙantarsu a yawan da ake buƙata take, ba a muhimmanci ba. Tun 1926 masana suka tabbatar cewa shuka ba ta kammala rayuwarta in babu zinki, kuma cikin amfanin gonar da muke nomawa masara tana sahun gaba wajen saurin nuna ƙarancinsa. Matsayinsu ɗaya da gishiri a miya: ɗan tsunkule ya isa, in babu shi miyar ta yi lami, amma ba wanda ke cin gishiri ya ƙoshi.

Lissafi ne ke raba gardama a nan, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa. Shawarar da aka daɗe ana bai wa manoman masara a yankinmu ita ce kilo 120 na naitrojin, da kilo 60 na fosfaras, da kilo 60 na potash a kowace kadada. In aka mayar da shi buhu, wajen buhu 8 ke nan na kamfa 15:15:15 da buhu biyu da rabi na yuriya ko ɗan fiye. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Yanzu ɗauki robar takin feshi mai lita ɗaya, a ce ma kashi 20 cikin 100 nata naitrojin ne. Abin da ke ciki bai wuce giram 200 da ɗoriya ba. Kafin ka haɗa abin da buhun yuriya ɗaya tak ke bayarwa sai ka zazzage roba wajen 100, kuma ganyen masara ba zai jure wannan ba, ƙonewa zai yi. Saboda haka duk wanda ya ce maka robar nan za ta tsaya a madadin buhu, ko bai yi lissafin ba, ko ya yi ya ɓoye maka.

Juya lissafin zuwa zinki, sai labari ya sauya. Kadada guda ta masara mai kyau ba ta cika jan fiye da rabin kilo na zinki ba tun daga shuka har girbi. Garin zinki salfet, irin mai kama da farin gishiri, kusan kashi 21 cikin 100 nasa zinki ne. Gaurayen da aka saba amfani da shi wajen feshi shi ne giram 5 a kowace lita ta ruwa, wato giram 80 a famfon goyo mai lita 16, ko giram 100 a mai lita 20. In kadada ta sha lita 200, ka zuba kilo ɗaya na garin, ka ɗora wa ganye zinki wajen giram 200. Ko da ba duka ne zai shiga ba, feshi biyu ya taɓa wani kaso mai tsoka na abin da shukar ke nema. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciyar da shuka ta ganye ya dace da ƙananan sinadarai. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun wajajen 1840 wani masani a Faransa ya lura cewa in aka shafa ruwan sinadarin ƙarfe a ganyen da ya ɗashe, korensa na dawowa.

Sai dai ko a nan akwai sharaɗi. A ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Justus von Liebig ya yaɗa wata ƙa'ida da har gobe ake koyar da ita a makarantar aikin gona ta Samaru: amfanin gona yana tsayawa ne a iyakar sinadarin da ya fi ƙaranci. Kamar randa ce mai huji a wurare da dama. Komai yawan ruwan da ka zuba, ba zai wuce hujin da ya fi kusa da gindi ba. A mafi yawan gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi da Kudan, hujin ƙasa shi ne naitrojin, na biye da shi fosfaras. Gwaje-gwajen da masu bincike na IITA, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da Jami'ar Bayero suka yi a gonakin manoma a arewa ƙarƙashin shirin bunƙasa noman masara mai suna TAMASA sun nuna haka: cire naitrojin ne ya fi karya amfani, sai cire fosfaras, ƙarin ƙananan sinadarai kuwa ya taimaka a wasu gonaki, a wasu bai nuna komai ba. Wanda ya toshe hujin sama alhali na ƙasa na tsiyaya, randarsa ba za ta cika ba. Zinki yana fara biya ne a gonar da aka riga aka ba ta kamfa da yuriya gwargwado, aka shuka iri mai kyau irin su SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ke fitarwa, aka yi noma a kan kari, amma duk da haka masarar ta ƙi sakin jiki.

Irin waɗannan gonaki suna nan, kuma ina ganin ƙaruwa suke yi. Ƙasar tudu a kewayen Zariya ba ta da wadatar ruɓaɓɓen ganye da dattin da ke riƙe abincin shuka. Iyayenmu suna barin gona ta yi saura ta huta, suna kai takin shanu da na gida, Fulani na sauka a gona da rani. Yanzu gona ɗaya ce masara bana, masara baɗi. In an yi girbi a kwashe kara kaf, wani a ba dabbobi, wani a yi danga, wani a hura wuta, abin da ya rage a banka masa wuta lokacin sharar gona. Kowane buhun masara da kowane damin kara yana fita da ɗan zinkinsa, kamfa da yuriya kuma ba sa mayar da shi. Sabon iri mai yawan goyo ya fi na gargajiya ci. Ga zaizayar ƙasa da ke kwashe fatar sama, inda mafi yawan zinkin yake. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: in fosfaras ya yi yawa a gindin shuka a ƙasar da dama zinkinta kaɗan ne, yakan ƙara tsananta ƙarancin. Wurin da aka tara toka mai yawa ma haka, domin toka na rage tsamin ƙasa, zinki kuma yana ƙin narkewa in tsamin ya yi ƙasa sosai.

To ta yaya manomi zai gane yunwar da ke damun masararsa? Ganye ne ke faɗa, in an iya karanta shi, kuma abin dubawa na farko shi ne wane ganye ne ya fara sauya launi, tsoho ko sabo. Naitrojin yana yawo a jikin shuka, don haka in ya yi ƙaranci sai ta kwashe na tsofaffin ganyen ƙasa ta kai wa sababbi. Shi ya sa ganyen ƙasa ke yin rawaya tun daga tsini, rawayar ta bi jijiyar tsakiya tana shigowa. Ƙarancin potash shi ma a ganyen ƙasa yake, amma gefe-gefe yake bi kamar an babbake. Na fosfaras yakan sa ƙaramar shuka ta yi ja-ja mai duhu. Zinki kuwa a sababbin ganyen sama yake bayyana, yawanci makonni biyu zuwa biyar bayan tsiro: faffaɗan zane fari ko ruwan ƙwai a kowane gefe na jijiyar tsakiya, daga wajen gindin ganyen, alhali ita jijiyar da bakin ganyen suna nan kore. Gaɓoɓin kara su yi gajeru, shukar ta tsugune kamar an danne ta, domin zinki na cikin abin da shuka ke buƙata wajen haɗa sinadarin da ke miƙar da kara. In abin ya tsananta, sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiya fari fat yake fita. Kuma ba duk gonar yake kamawa ba, fili-fili yake yi: wurin da ruwa ya wanke, wurin da aka baje suri, wurin da tsakuwa ta fito.

Abubuwa uku sukan rikita mutum a nan. Akwai cutar zanen ganye da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, wadda zanenta sirara ne, a tsittsinke, ya bi ganyen gaba ɗaya, kuma za ka ga shuka mai ciwo a tsaye kusa da lafiyayya. Feshin zinki ba ya yi mata komai. Akwai ƙarancin farar wuta, wanda shi ma ke sa sabon ganye ɗashewa, amma yawanci gaba ɗayansa, ba faffaɗan zane a gefen jijiyar tsakiya ba. Wannan ya fi fitowa tun da aka rage amfani da takin supa, domin supa na ɗauke da farar wuta a cikinsa, maganinsa kuma a ƙasa yake. Sai wuta-wuta, wadda ke tsotse masara tun tana ƙarƙashin ƙasa, makonni kafin a ga jan furenta. Na sha ganin gonar da aka yi ta narka wa takin feshi alhali wuta-wuta ce ke cin ta ta gindi, kuma abin yakan tsaya mini a rai, domin kuɗin nan da an sa shi a iri mai jure wuta-wuta, ko a juya gonar zuwa waken soya shekara ɗaya, da an ga bambanci.

In an tabbatar zinki ne, lokaci shi ne kan gaba. Masara tana yanke shawarar yawan layin ƙwayar da goyonta zai ɗauka tun tana wajen gwiwa, lokacin da ba wanda ke ganin goyon ma. Feshin farko ya kamata ya zo tana da ganye biyar zuwa shida, wato makonni uku zuwa huɗu bayan tsiro, na biyu kuma bayan kwana 10 zuwa 14. Dalilin maimaitawa shi ne zinkin da ya shiga ganye ba ya saurin tafiya zuwa sababbin ganyen da za su fito daga baya. Wanda ya jira sai masara ta fitar da tuta sannan ya ɗauko famfo, ya zo fafe gora ranar tafiya. Ganyen zai iya yin kyau, amma goyon ya riga ya ƙaddara girmansa.

Shi kansa ganyen ba a yi shi don cin abinci ba. Fatarsa na da wani maiƙo kamar kakin zuma da ke hana ruwa fita, shi ne kuma ke hana ruwa shiga. Sinadarin yana ratsawa ne a hankali, muddin ɗigon yana da danshi a kan ganyen. In ka fesa da tsakar rana, ɗigon ya bushe nan take, gishirin ya zauna a wuri ɗaya ya ƙona ganye. In ka fesa hadari na haɗuwa a gabas, ruwan sama ya wanke kuɗinka zuwa cikin kunya. A Zariya, inda ruwan Yuli da Agusta ba ya ba da hutu, samun 'yan sa'o'i marasa ruwa bayan feshi shi kansa aiki ne. Sassafe bayan raɓa ta ɗan tsane, ko da la'asar sakaliya in gari ya yi garau, su ne lokutan da suka fi. A kuma wanke famfo sosai, domin famfon da ke gidan yawancinmu shi ne dai wanda aka yi feshin maganin ciyawa da shi a farkon damina, kuma ɗan ragowar irin mai ƙone komai ya isa ya lalata ƙaramar masara, a zo ana zagin takin. Ruwan kududdufi mai laka ma yana kama sinadarin ya rage masa ƙarfi. Zinki salfet kuma ba ya shiri da taki mai fosfaras a famfo ɗaya, dunƙulewa suke yi su kwanta. Kafin a gauraya kowane abu biyu, a gwada kaɗan a kwalba a ga ko zai yi gudaji.

Boron yana da nasa muhimmancin, musamman a jigawa mai yashi inda ruwa ke wanke shi. Shi ke taimaka wa garin tuta ya bi ta geza ya isa ƙwaya, kuma ƙarancinsa na sa goyo ya fito da giɓi-giɓi ko ya lanƙwashe. Amma tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka ba abin da za a auna da ido ko da murfin roba ba ne. Giɓin goyo ma sau da yawa rashin ruwa ne ya samu masarar lokacin fitar geza. Sinadarin ƙarfe da manganis kuwa ba su cika ƙaranci a ƙasarmu mai ɗan tsami ba, ko da yake su ne ke cika jerin sunayen da ke jikin robobi da yawa.

Masu noman rani a fadamun Galma suna da dalili na musamman na sa ido. Sanyin hunturu yana rage wa saiwa kuzari, ƙasa mai sanyi da jiƙe kuma tana hana zinki shiga, har a ƙasar da ba ta rasa shi ba. A irin wannan hali feshi ya fi ko'ina ma'ana, tunda ya tsallake saiwar gaba ɗaya.

Yanzu ga inda shaidar ido ke yaudara. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, kusan kowa na feshin maganin ƙwari, kuma al'ada ta zama a zuba takin feshi a ciki don a huta da zagaye biyu. Makon da ake wannan kuma shi ne makon da ake sa yuriya a yi huɗa. Bayan kwana biyar gona ta yi kore shar, sai a ce robar nan ce. Wa ya san ko yuriyar ce, ko mutuwar tsutsar, ko ruwan da ya sauka? Ƙari a kan haka, robobi da yawa na ɗauke da ɗan naitrojin da ke sa ganye sheƙi na 'yan kwanaki. Sheƙin gaskiya ne, amma ba a auna shi a tiya. Gona na iya yin kyan gani a watan Yuli ta ba da buhunan da ta saba bayarwa a Oktoba.

Akwai kuma batun abin da ke cikin robar. Wata an rubuta sinadarai goma a jikinta, amma in ka duba kason zinki sai ka ga bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Lita ɗaya ta irin wannan ba ta wuce giram 10 na zinki ba, a gonar da ke neman ɗaruruwa. Wata ma ba a rubuta kason komai ba, sai suna mai daɗi da hoto. Tun 2019 Najeriya ke da dokar kula da ingancin taki, wadda ta wajabta bayyana abin da ke cikin kaya, amma doka a takarda ba ta karanta wa manomi lakabi a kasuwa. Ina ganin babban aikin malaman gona da NAERLS, wato hukumar yaɗa dabarun noma, a wannan fanni shi ne koya wa mutane duba lamba ɗaya tak: kashi nawa ne zinki a ciki? Wanda ya san wannan zai gane cewa garin zinki salfet tsura, in ya samu na gaskiya, yakan fi robar mai ado kawo zinki a kan kowace naira.

Gonar da ta nuna alamar nan bana za ta sake nunawa baɗi, domin feshi ganye yake ciyarwa, ƙasar tana nan yadda take. Gyara mai ɗorewa shi ne a sa zinkin a ƙasa lokacin shuka, ko tsura ko cikin kamfar da aka haɗa da shi, kuma sa ɗaya na iya ɗaukar shekaru biyu zuwa uku yana aiki. Takin kaji da na shanu su ma suna mayar da ƙananan sinadarai, ga gyaran jikin ƙasa. Wanda ke da hali ya kai samfurin ƙasarsa ɗakin gwaji a Samaru, mu da cibiyar ke bakin ƙofarmu tun 1922 bai kamata mu riƙa noma da ka-ce-na-ce ba.

Wanda ba shi da halin gwajin ƙasa, gonarsa na iya ba shi amsa a damina ɗaya. Ya zaɓi wuri mai ƙasa iri ɗaya, ya fesa kunya goma, ya tsallake goma, ya sake fesa goma, ya sake tsallake goma, ya kafa turaku don kada ya manta. Komai nasu ya zama ɗaya: iri, ranar shuka, kamfa, yuriya, noma. In zai yi maganin tsutsa ya yi wa duka, takin feshin ne kaɗai zai bambanta su. Da kaka ya karye kowane kashi daban, ya bar kunyoyin da ke bakin iyaka tunda iska na kai musu feshi, ya shanya, ya sussuka, ya auna da tiya ɗaya. Sannan ya zauna ya cire kuɗin roba, da ladan mai feshi, da na ɗiban ruwa, daga kuɗin tiyoyin da suka ƙaru, a farashin masara na lokacin kaka ba na bazara ba, ya ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In manoma biyar a ƙauye ɗaya suka yi haka, wani a jigawa, wani a jan gargari, wani a bakin fadama, kafin damina ta zagayo sun san gonar wa ke neman zinki da gonar wa kuɗin ya fi dacewa ya tafi ga ƙarin rabin buhun yuriya.